Soyayyar Shinkafa Irin ta Japan: Me Ya Sa Tawa Take Caɓewa?

Tambaya: Na ci soyayyar shinkafa irin ta Japan a wani gidan abinci, wara-wara, ga wani ƙamshi kamar ta so ƙonewa amma ba ta ƙone ba. Sau uku ina gwadawa a gida, kullum sai ta caɓe ta dunƙule, launinta ya yi duhu, ƙwan ma ya ɓace a ciki. Nakan sa karas, koren wake, kabeji, kaza da soya sos mai yawa. Ina kuskuren yake, kuma wace shinkafa ya kamata in saya?

Amsa: 'Yar'uwa, tun kafin in kai ƙarshen tambayarki na ga ɓarawon, sunansa ruwa. Kabeji ruwa ne, karas ɗanye ruwa ne, kaza ɗanya in ta ji wuta ruwa take fitarwa, soya sos kuwa ruwa ne tsagwaronsa. Kin tara su duka a kasko ɗaya a kan wutar gida, wadda ba ta da ƙarfin korar wannan ruwan kafin shinkafa ta shanye shi. Abin da ya faru a kaskonki turarawa ce, ba suya ba. Kuma ba laifinki ba ne, hannunki ya saba da soyayyar shinkafa irin tamu ta biki, wadda ake dafawa da romon kaza da kori da tayim, a cika ta da kayan lambu da hanta har ta yi ado kamar amarya. Waccan da kayan haɗi take taƙama. Ta Japan kuwa da ƙwayar shinkafar kanta take taƙama: shinkafa, ƙwai, ganyen albasa, ɗan nama kaɗan, gishiri, masoro da ɗigon soya sos. Daga zuba mai zuwa juyewa a faranti ba ta wuce minti 4.

A Japan suna biyu suke kiranta da shi. Akwai cahan, kalmar da suka aro daga Sinawa tare da girkin kansa, wanda ya bazu ta hannun Sinawan da suka zauna a garuruwan bakin teku bayan an buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga baƙi a 1859, ta Kobe kuma a 1868. Akwai kuma yakimeshi, wato gasasshiyar shinkafa ko soyayya, sunan da aka fi ji a yankin Osaka. Masu son bambancewa sukan ce a cahan ƙwai ke fara shiga kasko, a yakimeshi kuma shinkafa ce kan gaba, ƙwai ya biyo baya. A gidajen mutane dai ba wanda yake tsayawa wannan gardamar. Abincin rana ne na gaggawa, uwa ta buɗe firji ta ga sauran shinkafar jiya da ƙwai biyu ta sallami yara. A ƙananan shagunan abinci na unguwa kuma ana sayar da rabin faranti a gefen kwanon taliyar ramen. Na faɗi haka ne don ki sauke girkin daga inda kika ɗora shi, ba abincin fada ba ne.

Mu fara da shinkafa, tunda ita kika tambaya. Shinkafar Japan gajeriya ce, kakkaura, in ta dahu tana da ɗan danƙo da sheƙi, shi ya sa suke iya ɗaukarta da tsinken cin abinci. Irin da ya fi shahara a can shi ne Koshihikari, wanda aka sa wa wannan suna a 1956, kuma yankin Niigata ya yi fice wajen nomansa. Sitacin shinkafa kala biyu ne a haɗe. Ɗaya yana sa ƙwaya ta tsaya da kanta ta bushe in ta huce, ɗayan yana sa ta yi laushi ta manne da 'yar'uwarta. Doguwar shinkafa irin basmati ta fi yawan na farkon, ta Japan kuma nata kaɗan ne, don haka danƙo ya fi rinjaye. Abin da ke sa cahan daɗi shi ne wannan saɓanin: waje ya soyu ya rabu, ciki kuma yana nan da taushi da ɗan tauna. In kika yi da shinkafar da ba ta da danƙo ko kaɗan za ki samu wara-wara cikin sauƙi, amma wannan taushin na ciki ba zai zo ba.

A manyan kantuna akan samu gajeriyar shinkafa da aka rubuta wa ta sushi, ita ce ainihin abin, sai dai tsadarta ba ta wasa ba ce. Ni ba na ba mai koyo shawarar ta fara da ita, don za ki ɓata biyu ko uku kafin hannunki ya faɗa. Abin da ya fi kusa da ita a kasuwarmu shi ne shinkafar tuwo, farar da ba a turara ta kafin a cashe ba. Ki nemi mai cikakkiyar ƙwaya, ki tankaɗe gutsattsarin ki ajiye su don tuwo, domin su ne ke fara narkewa su zama kamar koko su haɗe sauran. Shinkafar buhu da muke dafa-duka da ita, wadda aka riga aka turara, ita ce mafi sauƙin sarrafawa, da wuya ta caɓe, sai dai tana da ƙamshinta na daban da taurin da ba ya shan ƙwai sosai. Da ita za ki iya koyon motsin hannu a gwaji na farko da na biyu. Basmati kuwa ki bar ta, tsayinta yana sa ta kakkarye a ƙarƙashin ludayi, ƙamshinta kuma yana ja da na soya sos.

Dahuwar ma ba irin tamu ba ce, ba a zuba ruwa mai yawa a tace. A Japan da wani ma'auni suke awon shinkafa mai suna go, mililita 180 ne, kusan giram 150 na ɗanyar shinkafa, wanda in ya dahu yakan kai giram 330 ko kusa da haka. Gwangwanin madarar ruwa da muke awo da shi ya ɗan gaza shi kaɗan, don haka ki ɗauka gwangwani ɗaya a cike shi ne cin mutum ɗaya mai jin yunwa ko yara biyu. Ki wanke sau uku ko huɗu da sauri, kina zubar da farin ruwan, har ya kusa washewa. Wannan farin garin da ke fita shi ne rabin danƙon da ke damunki. Ki jiƙa minti 30, ki tsane a kwando, sannan ki zuba a tukunya mai murfi mai kamawa da ruwa daidai yawan shinkafar, gwangwani ɗaya ruwa gwangwani ɗaya. Don ci da miya sukan ɗan ƙara ruwa a kan haka, amma don suya ana so ta ɗan yi tsaye. Ba gishiri, ba mai. In ta tafasa ki rage wuta can ƙasa minti 12, ki kashe, ki bar ta a rufe wasu minti 10. Kada ki ɗaga murfin nan don leƙe, tururin da zai gudu shi ne ke ƙarasa dahuwar.

Za ki ji ana cewa dole sai shinkafar da ta kwana a firji. Maganar tana da tushe, amma an fahimce ta a karkace. Abin da ake nema shi ne bayan ƙwayar ya bushe, ba wai ta yi sanyi ba. Shinkafa mai sanyin firji in ta faɗa kaskon gida sai ta kashe masa zafi nan take, ga ta a dunƙule kamar curin fura, kina fama da fasa ta ƙwai yana ƙonewa a gefe. Masu dafa cahan da yawa a Japan da shinkafa mai ɗumi suke aiki saboda wannan dalilin. Abin da nake yi shi ne in baza sabuwar dahuwa a faffaɗan tire, in yayyanka ta da gefen ludayi ba tare da dannawa ba, in sa ta gaban fanka minti 15 zuwa 20 har tururin ya daina tashi. Lokacin hunturu ma ba kya buƙatar fanka, iskar da ke fasa mana leɓe ta isa. Ki taɓa da bayan yatsa: in akwai ɗumi amma ba ta manne miki ba, ta yi. In kuma ta jiya ce daga firji, ki ɗan ɗumama ta, ki shafa mai a tafin hannu ki marmasa ta tun tana cikin kwano. Duk curin da bai fashe a kwano ba da wuya ya fashe a kasko.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce mutane suka fi ƙin ji: faranti ɗaya ake soyawa a lokaci guda. Murhun gidan abinci yana fitar da wutar da ta ninka ta gas ɗin gida sau da yawa, kuma duk da haka mai dafawar ba ya zuba cin mutum goma a kasko. Ki tsaya wajen mai shayi da daddare ki kalli yadda yake soya ƙwai da taliya. Ko mutum takwas ne a kan benci, ɗaya bayan ɗaya yake sallamarsu, don ya san in ya haɗa duka a ɗan kaskon nan dafuwa za su yi. Ni ma sai da na sha kunya kafin na yarda. Farkon koyona, bayan na ga yadda ake yi a kicin ɗin wani otal da na yi aiki, na gayyaci dangin maigidana na ce yau za su ci abincin Japan. Na juye shinkafa kusan rabin mudu a babbar tukunya, na fasa ƙwai goma a kai. Abin da ya fito ba shi da maraba da tuwon da aka tuƙa da ƙwai, ƙasa ƙanzo, sama danƙo. Wata gwaggo ta ɗanɗana ta ce, "To ai sai a kawo miyar." Tun daga ranar ban sake wuce giram 300 na dafaffiyar shinkafa a kasko ɗaya ba. In mutum biyar ne, sau biyar zan yi, kuma duka ba ya cin minti 25.

Kaskon ya zama mai faɗi, mai ɗan kauri, wanda ke riƙe zafi. Na ƙarfe da ya sha mai ya yi baƙi ya fi, amma wanda abinci ba ya kamawa ma yana yi, sai dai shi ba a barinsa a kan wuta babu komai har ya yi hayaƙi, rufin jikinsa yana lalacewa. Risho ba shi da ƙarfin wannan aikin sai in za ki rage shinkafar zuwa rabi. Gawayin da ya ruru ya yi ja kuwa ya fi gas ɗin gidaje da yawa, ni kaina in na samu kurfoti mai kyau shi nake zaɓa.

Kafin ki kunna wuta komai ya zama yana gabanki, don in aka fara ba lokacin neman murfin kwalba. Shinkafa giram 300 a kwano. Ƙwai biyu a kaɗe da ɗan gishiri. Lawashi kamar cikin tafin hannu, an yanka shi ƙanana, fari daban kore daban. Nama dafaffe ko gasasshe kamar cokali uku, an yanka shi bai fi girman ƙwayar masara ba. Man gyaɗa babban cokali ɗaya da rabi. Gishiri kamar sulusin ƙaramin cokali, farin masoro in akwai, in babu baƙin ma ya yi, da soya sos ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu. Ki lura da girman yankan: duk abin da ya fi shinkafar girma sosai zai ware kansa, cokali ya ɗebo shi shi kaɗai.

Ki ɗora kasko a wuta mai ƙarfi har in kin kawo tafin hannu sama da shi ki ji ba za ki iya daɗewa ba. Ki zuba mai ki juya ya zagaye. Ki juye ƙwai a tsakiya. Zai yi cuuu, gefensa ya kumbura ya yi ƙwal-ƙwal, tsakiya kuma tana nan ruwa-ruwa tana rawa. A daidai nan, kafin ki ƙirga goma, za ki kifa shinkafar a kansa. Wannan ɗan lokacin shi ne sirrin girkin gaba ɗaya. In kika jira ƙwai ya soyu, kin samu wainar ƙwai da shinkafa a gefe, kowa yana harkarsa. In kika zuba da sauran ruwansa, ɗanyen ƙwan zai lulluɓe ƙwayoyin ya dahu a jikinsu, ya raba kowace da maƙwabciyarta, wanda ya riga ya kama kuma ya farfashe ya zama 'yan ɗigon rawaya a ciki. Nan da nan ki sa ludayi a ƙasa ki kifar, ƙwai ya dawo sama, sannan ki riƙa danna curin a hankali da bayan ludayi kina yanka da gefensa, kina bazawa har ta rufe faɗin kaskon.

Kada ki yi ta cilla shinkafa sama kamar yadda kike gani a bidiyo. Su wutarsu tana bin kaskon har sama, ke kuwa duk ɗagawar da kika yi zafi kika zubar. Ki bar kaskon zaune a kan wuta, ki baza, ki ƙirga goma, ki juya, ki sake bazawa. Ki saurara da kunne. Da farko za ki ji sautin jiƙaƙƙen abu, shuuu, tururi yana tashi fari. Bayan kamar minti biyu sautin zai koma ƙas-ƙas, tas-tas, tururin ya ragu, ki ga 'yan ƙwayoyi a gefe suna tsalle da kansu. Ludayin ma zai yi miki sauƙi a hannu, shinkafar tana zubowa daga kansa kamar tsakuwa. Mutanen Japan suna kiran wannan yanayin parapara, mu kuma wara-wara, har kalmomin sun so yin kama. Sai a nan za ki zuba nama da farin lawashi, ki barbaɗa gishiri da masoro, ki juya rabin minti.

Soya sos shi ne na ƙarshe, kuma ba a kan shinkafa ake zuba shi ba. Ki tura shinkafar gefe ɗaya, ki ɗiga shi a kan ƙarfen kaskon inda ya fi zafi. Zai tafasa nan take ya yi kumfa, wani ƙamshi mai kama da na gasasshen abu ya bugi hancinki. Kafin ya ƙone ki jawo shinkafar ta shafe shi, ki watsa koren lawashi, juyi biyu, ki sauke. Wannan shi ne ƙamshin da kika ji a gidan abincin kika ce kamar ta so ƙonewa. Da kika tuttula shi a kan shinkafa, ruwan ya shige cikinta ya jiƙa ta, ƙamshin kuma bai tashi ba. Gishiri ne ke ɗaukar nauyin ɗanɗano a wannan girkin, soya sos turare ne kawai. Batun duhun launi kuma, ki duba kwalbarki. Akwai baƙin soya sos na Sinawa mai kauri da ɗan zaƙi, wanda aikinsa rina abinci ne, cokali ɗaya ya isa ya mai da faranti kamar an dafa da jar kanwa. Na Japan, wanda suke kira shoyu, tsinkakke ne, ja-ja in kin ɗaga shi a haske, ana yin sa da waken suya da alkama da gishiri a bar su su yi watanni suna nuna. Na kamfanin Kikkoman yana cikin waɗanda ake samu a kantunanmu. Yana da gishiri sosai, kusan kashi 16 cikin 100, don haka ki rage hannu a gishirin gari in kin san za ki kai cokali biyu.

Akwai abin da ya kamata ki sani in kina bin girke-girken Japan a intanet. Naman da suka fi sa wa cahan na alade ne, gasasshen da suke kira cashu ko kuma wanda aka sarrafa aka yayyanka, shaguna da yawa kuma da kitsen alade suke suyar. Wasu girke-girken suna sa sake, giyar shinkafa, ko mirin, wanda shi ma giya ce mai zaƙi. Duk waɗannan ki tsallake su, cahan ba ya rasa komai in babu sake da mirin. Shi kansa shoyu da aka bari ya nuna da kansa yakan samu ɗan burbushin barasa daga nunar, shi ya sa kamfanoni suke yin wani na daban mai tambarin halal. Ki duba jikin kwalba kafin ki biya. A madadin kitsen kuwa, ki yanka fatar kaza ki sa a kasko a wuta kaɗan har ta tsiyaye manta ta yi ƙaras-ƙaras. Wannan man ya fi man gyaɗa daɗi a cahan nesa ba kusa ba, soyayyar fatar kuma ki daddatsa ki mayar ciki. A wajen nama, sauran balangu ko gasasshiyar kazar jiya sun fi ɗanyen nama dacewa, tunda sun riga sun rabu da ruwansu kuma suna ɗauke da ƙamshin wuta. Tsire ma yana yi in kin karkaɗe ƙulin, don ƙuli yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci. Jatan lande ko ɗanyar kaza kuwa sai ki soya su daban tukuna, ki kwashe, ki goge kaskon.

Wani abin da zai ba ki dariya: ɗanɗanon nan na gidan abinci da kike nema, rabinsa yana cikin kicin ɗinki tuntuni. Farin magi ɗan Japan ne. Wani masanin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano a 1908 cewa sinadarin da ke sa romon ganyen teku na kombu daɗi shi ne gulutamet, ya kira ɗanɗanon umami, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Shagunan cahan da yawa suna barbaɗa shi. Ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ya isa faranti. Dunƙulen magi mai launi kuwa ban cika so a nan ba, yana zuwa da nasa kayan ƙamshin da ke karkatar da girkin ya koma ɗanɗanon dafa-duka. In ba kya amfani da farin magi, man kazar nan da shoyu sun wadatar. Har ila yau mutanen Japan suna da wani abinci, natto, waken suya ne da aka bari ya ruɓa ya yi yauƙi da wari, kuma irin ƙwayar halittar da ke nunar da shi ita ce ke nunar mana da daddawa. Suna soya shi a cikin cahan. Na taɓa gwada ɗan garin daddawa kaɗan a cikin mai kafin ƙwai, ya yi daɗi ƙwarai, amma wannan sai hannunki ya zauna.

Akwai dabaru biyu na sauƙaƙawa da za ki ci karo da su. Ta farko, a cakuɗa ɗanyen ƙwai da shinkafa a kwano tun kafin a je kasko, kowace ƙwaya ta yi rawaya. Ba ta taɓa dunƙulewa, shi ya sa masu koyo ke sonta, sai dai takan fito a bushe kuma ba za ki ga ƙwan da idonki ba. In za ki bi ta, ki cakuɗa da ƙwai ɗaya, ɗayan ki soya yadda na faɗa. Ta biyu, a murza babban cokali ɗaya na mayonis a jikin shinkafar a maimakon wani ɓangare na man. Mayonis mai ne da ƙwai, don haka yana raba ƙwayoyin, tsaminsa kuma yana tashi a wuta. Tana aiki, musamman da shinkafar tuwo mai taurin kai.

In kuma wadda kika ci a gabanki aka soya ta a kan faffaɗan ƙarfe, kika ji bota da tafarnuwa, to wannan 'yar gidan teppanyaki ce, salon gasa nama a kan farantin ƙarfe da wani gidan abinci mai suna Misono a Kobe ya yi suna da shi tun 1945, wani gidan abincin kuma mai suna Benihana ya yaɗa shi a Amurka daga 1964. A Amurka ne aka ƙara mata karas da koren wake har ake kiranta hibaci, alhali a Japan hibaci kaskon gawayi ne na jin ɗumi. Yin ta a gida ba wuya. Ki yanka tafarnuwa huɗu siri-siri, ki sa a mai tun yana sanyi, a wuta kaɗan, har ta yi ruwan zuma, ki kwashe ta kafin ta yi duhu don tana ɗaci. Ki ƙara wuta, ki soya shinkafar a wannan man, da ƙwai ko babu. Bota kamar rabin babban cokali tana shiga ne a ƙarshe tare da shoyu, su narke tare a gefen kaskon, in kika sa ta da wuri ƙonewa za ta yi. Man shanu soyayye ma yana yi, har ya fi bota jure wuta. Sai ki marmasa soyayyar tafarnuwar a kai.

Kayan lambun da kike so ban hana ki ba, amma ki yi musu iyaka: duka-duka kada su wuce cikin tafin hannu ɗaya a faranti. Karas ki yanka ƙanana ki soya shi daban, koren wake ki tafasa ki tsane shi sosai a kan tsumma mai tsabta. Kabeji ki bar shi ya zama kwaɗo a gefe. Latas kuwa suna sa shi, a yayyaga da hannu a jefa a daƙiƙa goman ƙarshe, ya ɗan risina amma yana nan da ƙaras ɗinsa.

Sai maganar lafiya, tunda girkin sauran shinkafa ne. Ɗanyar shinkafa tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe ƙwanta. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi, sai ta farfaɗo ta saki dafin da ke sa amai cikin 'yan awoyi, kuma suya ba ta lalata wannan dafin komai zafin kasko. Don haka shinkafar da za ki ajiye ki baza ta ta huce da wuri, ta shiga firji cikin awa ɗaya, ki yi amfani da ita washegari. Wadda ta kwana a tukunya a kan murhu lokacin bazara, ko wadda ke firjin da wuta ta ɗauke tun dare, ba ta suya ba ce ko da ba ta yi wari ba. In wutarku ba ta da tabbas, ki dafa sabuwa ki sa gaban fanka ko ki fifita da mafici, dama ita na fi so.

Wajen zubawa, ki danna ta a ƙaramin kwano ki kifa a faranti ta fito kamar ƙubba, haka shagunan can suke yi, kuma yana riƙe zafi. Sukan haɗa da ɗan romo tsinkakke a kofi: romon kaza, ɗigon shoyu, lawashi da ɗigo biyu na man riɗi. Da cokali ake ci. In kina son yaji ki ajiye shi a gefen faranti, kada ya shiga kasko. A gwajinki na gaba ki ajiye kaza da karas duka, ki yi da shinkafa, ƙwai biyu da lawashi kawai, faranti ɗaya, ki ji ko sautin kaskon zai koma ƙas-ƙas. In ya koma, ki kira mai ci na farko ya zo bakin kicin da farantinsa, ki goge kaskon da takarda ko tsumma, ki mayar kan wuta ya sake ɗaukar zafi kafin ki fasa ƙwan mutum na biyu.